Hannun da Ya Rage

Injin niƙan mijina na fari ne ya cinye mini hannun dama. Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, cikin shekarun tamanin, muna zaune a Karaye, injin kuma yana cikin wata rumfar kwano da ke jingine da katangar gidanmu ta baya. Ranar kasuwa ce, kwanukan masu niƙa sun yi layi har bakin hanya, bai sami sararin shigowa cin abinci ba, sai na kai masa. Na sunkuya zan ajiye kwano, bel ɗin injin ya kama bakin mayafina. Da na sakar masa, da shi ke nan. Amma sabo ne, ranar na fara yafa shi, sai na kai hannu zan ƙwato abina. Har gobe in na tuna sai in ce da kaina, ke dai shashasha ce, kin ba da hannu saboda mayafi, mayafin ma bai dawo ba.

A wani asibiti a Kano aka yanke shi, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. Wata biyu na yi a kwance. Masu dubiya suka yi ta zuwa suna cewa Allah ya sa kaffara ne, ina amsawa da amin, suna fita ina juya fuska bango.

Da na dawo gida ban zauna ina kuka ba, don ni ba mai zama ba ce. Na koyi ɗaura zani da taimakon haƙori. Na sa aka ƙara mini duwatsu a murhu don tukunya ta zauna daram in ina tuƙi. Malamin unguwarmu ya aiko a gaya mini in ci abincina da hagu, babu laifi, lalura ce. Na gode masa. Sai dai malam maganar cina ya yi, bai yi maganar wanda zai ci abin da na dafa ba. Kowa ya san aikin da hagu ke yi a bayan gida, tun muna yara ake buge mana hannu in mun miƙa abu da shi. Yanzu kuwa da shi zan wanke hatsi, da shi zan kwashe tuwo, da shi zan miƙa.

Mijina ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya yi kuka a asibiti kamar ƙaramin yaro. Amma tun da na koma girki sai ya zama kullum a ƙoshe yake. Yau ya ci a kasuwa, gobe cikinsa ba daɗi, jibi in ajiye masa zai ci in an jima. Da safe in tarar da kwano a wanke, in ce alhamdu lillahi. Wata safiya na zaga bayan rumbu neman tsintsiya, sai ga awakin uwar mijina sun duƙufa a kan tuwona. Malmala biyu, ko gutsura ba a yi ba, ga miyar kukar da na zuba wa man shanu tana bin ƙasa.

Na same shi yana shirin fita. Na ce, “Maigida, in ba za ka iya cin tuwona ba, ba ni takardata.”

Wallahi ba takardar nake so ba. So nake ya rantse, ko da ƙarya ce, ko ya daka mini tsawa ya ce in kawo abincin yanzu ya ci a gabana. Sai ya tashi ya shiga neman biro. Bai ko ce in je in yi tunani ba. Saurin da ya yi wajen rubutun nan ya fi mini yankan asibiti ciwo. A ƙofar gidan, ina fita, na rantse da Allah ba zan ƙara miƙa wa ɗan Adam abinci ba har in mutu.

Na gama idda a gidan mahaifina. Mahaifiyata ta riga ta rasu, sai ƙanenta, kawuna, ya zo a kan keke ya ce a ba shi ni in je in sha iska. Shi ne babban makiyayi a gidan gonar wani Alhaji ɗan Kano, can wajen Zoza. Fili ne mai faɗi da aka kewaye da waya, akwai rijiya mai injin, da ramin siminti inda ake wanke shanu da maganin kaska, da wata a-kori-kura da ke zuwa ɗaukar madara kowace safiya. Alhajin ya taɓa kawo shanun Turawa masu baƙi da fari, rani biyu suka yi suka bi juna, aka koma kan fararen shanunmu da suka san wahala. Maza ne ke tatsar madarar mota. Matan makiyaya kuwa an bar musu 'yan shanu kaɗan na shan gida, suna tatsa suna kai nono kasuwar Rogo.

Matar kawu, wadda nake kira Inna, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Amma ko ƙwarya na nufa sai ta ce, “Zauna ki huta, 'yata.” Ludayi ma ba ta bari in wanke. A gidan nan kaf ba wanda ya taɓa ambatar hannuna, kamar da shi aka haife ni a haka. Ni kuwa na riga na yanke hukunci cewa ƙyama ce suka lulluɓe da kunya. Nakan ɗauki abincina in zaga bayan bukka in ci ni kaɗai. Aikin da ya rage mini shi ne tara busasshen kashin shanu na hura wuta, da kula da maruƙa a dangwali, wato doguwar igiyar nan da ake ɗaure su a jere kafin a yi tatsa. A nan ne wata rana wani ɗan maraƙi ya kama dungun hannuna ya shiga lasa da harshensa mai kaushi, gishirin gumi yake nema. Shi ne mai rai na farko da ya taɓa wurin bai ja da baya ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun Karaye, shi kuwa bai fasa lasarsa ba.

Cikin makiyayan akwai wani Bafillace dogo siriri, ya kusa shekara arba'in. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, shekaru kafin zuwana, bai ƙara aure ba. Ba shi da magana, in ma ya yi Hausar sai ta fito a karkace. Kowace safiya zai tsaya nesa, sanda a kafaɗa, ido a ƙasa, ya jero gaisuwa: “'Yar Karaye, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya baƙunta? Ya maruƙa?” Shekara guda da rabi yana tambayata baƙunta. Ni haushi ma yake ba ni, nakan ce a raina wannan in an matse shi ba a samun kalma goma. Akwai ƙofar garke da ake ɗaurewa da ƙulli, kullum sai na nemi mai buɗe mini, rannan na tarar an yi mata maɗauki da ake zarewa da hannu ɗaya. Kawu na yi wa godiya, don na zaci aikinsa ne.

Ƙarshen kaka na shekara ta biyu, wata karsana fara mai jan kunne ta yi haihuwar fari. Tasa ce, ba ta Alhaji ba, cikin 'yan shanu uku da suka rage masa na gado. Wata safiya na zaga bayan rumfar harawa neman wani maraƙi da ya kwance, sai na yi turus. Ga shi a tsugune gefen karsanar nan, ya cusa hannunsa na dama cikin riga, hannun rigar yana reto babu komai, sak irin nawa. Da hagu yake tatsa, madara tana tsartuwa a gwiwarsa, rabi a ƙwarya rabi a ƙasa. Makiyaya biyu suna tsaye a kansa suna ƙyalƙyala dariya.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na sa ƙafa na shure ƙwaryar, madara ta malale. Wanda ya zauna da Fulani ya san girman abin da na yi, su da ko ɗigo ya zuba sai sun dangwala sun shafa.

Na ce, “Allah ya isa tsakanina da kai! Ni ka mayar abin dariya? Kullum kana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ashe kwaikwayona kake yi a bayan rumfa. Ba banza ba ka binne mata da ɗa ka zauna kai kaɗai kamar kututture!”

Ya miƙe a hankali, ya zaro hannunsa daga cikin riga, ya ɗauki ƙwaryar ya duba ko ta fashe. Ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe madarar da ta zube. Ya ce, “Ki yi haƙuri, 'yar Karaye.” Ya kama hanya ya tafi.

Kwana uku bayan haka aka ware shanun da za a tafi da su kudu cin rani. Shi bai saba tafiya ba, don shi ne gwanin tatsa, amma ya roƙi kawu a sa shi a ciki. Da na fito da safe sun yi nisa. Karsanar nan kuwa da ɗanta suna ɗaure a turke kusa da bukkar Inna.

Inna ta je tatsarta, ta harba. Kawu ya gwada, ta riƙe nononta ƙam, ko ɗigo. Kwana biyu ana haka, hantsarta ta kumbura, tana ta kuka. A rana ta uku Inna ta zo ta tsaya a kaina, ban taɓa ganin ranta a ɓace haka ba.

Ta ce, “Ke, tashi. Saniyar nan hannu ɗaya ta sani.”

Na ce, “Inna, ban gane ba.”

“Ina za ki gane, kin tsaya kin tambaya? Karsana, hannun da ya fara tatsarta shi take bi har ta tsufa. Kwana ashirin bawan Allahn nan yana tatsarta da hagu, don ta saba da jan nono ɗaya-ɗaya, ta koyi jira. Tun tana da ciki ya zo wajen kawunki ya ce ke yake so ya ba. Kawunki ya ce ba za ki karɓa ba, kin yi rantsuwa. Ya ce to bari saniyar ta fara koyo, mai ita ta biyo baya. Waɗancan sakarkarun da kika gani, shi suke wa dariya, babba da shi yana zubar da madara kamar ɗan koyo.”

Na ce, “To me ya hana shi ya gaya mini?”

“Bafillace ne zai buɗe baki ya gaya wa mace abin da ke ransa, kawunta yana gari? Ai ya faɗa iyakar faɗarsa. Ƙofar garke wa kike tsammani ya gyara?” Ta sassauta murya. “Mu ma da muke hana ki taɓa ƙwarya, tausayi ne wallahi. Ashe cutarki muke yi.”

Magana zarar bunu ce. Ga ta na zare, wanda na faɗa wa kuma ya yi tafiyar kwanaki, ba wasiƙa yake karantawa ba balle in aika. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar matarsa da ɗansa. Ni da na san zafin a taɓa wa mutum miki, na laluba na samo nasa na danna da ƙarfina.

Na je wajen saniyar. A inda ya saba ɗaure ta na tarar ya haƙa ɗan rami daidai gindin ƙwarya, don ta zauna ba sai an riƙe ba. Igiyar dabaibayin ma ya yi mata zarge da ake ja da hannu ɗaya a taka da ƙafa. Na saki ɗanta ya ɗan tsotsa, na janye shi na ɗaure, na tsuguna na jingina goshina a cikinta. Ta waiwayo ta shinshina ni. Na kama nono ɗaya na ja, ban iya ba, na sake ja. Ta tsaya cik tana tuƙa, tana jirana. Ranar abin da na samu bai rufe gindin ƙwarya ba, yatsuna kuma suka kwana biyu suna ciwo.

Kafin tsakiyar rani na iya. Na koyi kwantar da kindirmo, na koyi kaɗa mai ina riƙe gora da cinyoyina. Inna ta ce in ɗiba mata ta ɗanɗana, na ce ta yi mini haƙuri. Ta dube ni ta yi murmushi, ba ta ƙara tambaya ba. Na aika kawu ya tambayo mini wani malami a Rogo hukuncin rantsuwata. Malam ya ce in ciyar da miskinai goma, in ba ni da hali in yi azumin kwana uku. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba, don ciyarwar ce na rantse ba zan yi ba, na ɗauki azumi.

Wata biyar suka yi. Ana cikin haka labari ya zo ta bakin wasu fataken shanu cewa maciji ya kashe wani makiyayi daga cikin na yankinmu, amma ba su san ko wane ne ba. Mako uku ina tatsa ina kuka a jikin saniyar nan. Ba na roƙon komai sai Allah ya dawo da shi, ko da ba zai ƙara gaishe ni ba.

Ruwan farko ya sauka, bayan kwana tara muka ji kukan shanu daga kudu. Yana cikinsu. Ya rame, ya yi baƙi, ƙafafunsa duk faso. Suka zauna a gindin ɗorawa shi da kawu da sauran maza, ana ta gaisuwa ba ƙarewa, ya hanya, ya shanu, ya ruwa, ya mutanen can. Na shiga na dama fura da nonon saniyar nan, na fito da ƙwarya a tafin hannuna. Na durƙusa a gabansa. Da na ajiye a ƙasa kamar yadda mata ke yi, da ba wanda zai lura da komai. Ban ajiye ba. Na miƙa masa da hagu, a gaban kowa, na tsaya a haka.

Sai a lokacin na tuna cewa Bafillace ba ya cin abinci a gaban wanda yake nema ya zama surukinsa, ko yunwa za ta kashe shi. Na jefa shi tsakanin kunyar kawu da kunyata, ga shi kuma hannuna ya fara gajiya.

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya yi bismilla, ya ajiye ludayin gefe, ya kafa kai. Kawu ya juya yana ƙirga shanun da ya riga ya gani. Shi kuwa bai sauke ƙwaryar ba sai da ya shanye tas, bai rage wa kowa ba, abin da abokansa suka yi shekaru suna yi masa tsiya a kai. Ya goge baki ya ce, ido a ƙasa, “'Yar Karaye, furar ta ɗan yi kauri.”

Na ce, “Gobe sai ka dama da kanka.” Na tashi da gudu na shige bukka, hawaye ya hana ni ganin ƙofa.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura mana aure. A makon farko na durƙusa na ce, “Malam, ka yafe mini maganar da na yi.” Ya ce, “Madara ta zube, ƙasa ta sha, ya wuce.” Na ce ba madarar nake nufi ba. Ya tashi ya ce bari ya dubo maruƙa. Bai taɓa bari na ƙarasa maganar ba, ni kuma ban taɓa yafe wa kaina ita ba.

Shekara goma sha ɗaya muka yi, Allah ya ba mu 'ya mace guda. Ba zan ce ban ƙara fushi ba, hali zanen dutse, amma fushi da mutumin da ba ya ramawa gajiya ne kawai. Na fara kai nono kasuwar Rogo tare da Inna. Akwai masu ganin hannuna su wuce gaba, akwai masu tsayawa, na daina bin masu wucewa da ido. Cikin shekarun casa'in Alhaji ya rasu, magada suka sayar da shanu, wayar shingen ma aka bi ta aka kwashe. A wannan shekarar tari ya kama Malam. Muka koma Rogo Ruma wajen yayarsa da 'yan shanunmu, aka yi na asibiti aka yi na gida, kullum sai baya.

Ranar ƙarshe, bayan azahar, ya kasa ɗaga hannu. Na dama kunu mai ruwa-ruwa na zauna kusa da kansa. Yayarsa, tsohuwa mai yawan ibada wadda ba ta taɓa ɓata mini ba, ta dafa ni ta ce a hankali, “Kawo in ba shi, ƙanwata. Ba mu san ko na ƙarshe ne ba, gara ya shiga da dama.”

Ban yi musu ba. Na ga gaskiyarta, ina kuma son ya tafi da duk abin da ya fi alheri. Na miƙa mata ludayin na koma bakin ƙofa, na ɓoye hannuna a cikin zani.

Ta kai masa baki, ya datse leɓe. Ta yi bismilla ta sake kaiwa, ya juya fuska. Ta kira shi da sunan da suke kiransa tun yana yaro, ta lallashe shi da Fillanci, bai buɗe ba. Idanunsa ne kawai ke yawo a ɗakin har suka same ni. Da ƙyar muryar ta fito.

Ya ce, “Ba ta.”

Na dawo na karɓi ludayin. Uku ya sha. Na ɗebo na huɗu na miƙa, ina nan riƙe da shi a bakinsa, ban sauke ba sai da yayarsa ta kama hannuna ta sauke mini.